Rimot Biyu a Tasha Ɗaya

In ka shiga layin masu gyara, ka wuce mai walda, ka wuce mai ɗinkin kujerun mota, shago na uku a hannun hagu shi ne na Mai Eriya. Ba sai ka tambaya ba, warin dalma zai tare ka tun daga bakin ƙofa. Ɗaki ne ɗan tsukuku, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gwangwanayen madara cike da sukurori, sai tsofaffin rediyoyi a kan kanta har rufi, waɗanda masu su suka kawo gyara suka manta hanya. Shi kuma yana tsakiya, tabarau a kan karan hanci, ya haura sittin amma hannunsa ko gezau.

Tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake buɗe cikin rediyo. A zamaninsa sai ka yi layi kafin ya duba naka. Daga baya duniya ta juya, rediyo ya zama abin da in ya lalace ake jefarwa a sayi wani, wayar hannu kuma ta zo ta kwashe sauran. Ya kai sai ya wuni yana korar ƙuda. Ana cikin haka wata rana wani dogon ma'aikacin asibiti, wanda kowa ke kira Dogo, ya shigo da wata 'yar mota a hammata, tsawonta bai fi kamu biyu ba, da wani abu mai kama da bindiga a ɗaya hannun.

"Malam, wannan ba ta jin magana," in ji Dogo.

Mai Eriya ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Nan ba shagon kayan wasan yara ba ne."

Amma da yake mutum ne da ba ya iya ganin sukuru bai kwance ba, sai ya buɗe. Abin da ya gani ya sa ya gyara zama. Ashe abin hannun nan, rimot, gidan rediyo ne ƙarami. Yana da sitiyari a gefe da kunama a ƙasa ta ba da wuta. A cikin motar kuma akwai risiba, bai fi kwalin ashana ba, shi ke sauraron abin da rimot ya faɗa ya gaya wa tayoyi. Kowannensu yana da ɗan ƙarfe da ake sokawa, wai shi kiristal, kuma dole su zama 'yan tasha ɗaya, in ba haka ba rimot ya yi ta magana, mota ta yi kunnen uwar shegu. Kafin Dogo ya gama shan ruwa, Mai Eriya ya gano wayar eriya ce ta tsinke a ciki, ya like ta da dalma. Tun daga ranar sunan ya bi shi.

Kada kowa ya ce mini wasan yara ne, wanda ya faɗi haka bai taɓa zuwa filin ba. Bayan wani tsohon sito ne da aka rufe, wajen ajiye manyan motoci a da, an zagaye shi da tsofaffin tayoyi da mesar ruwa, an kafa dandamalin katako inda masu tuƙi ke tsayawa. Duk Asabar da yamma za ka tarar da magidanta da furfurarsu suna ihu kamar an taka musu ƙafa. Motocin da mai suke aiki, suna da inji na gaske, in ɗaya ta miƙe a hanya sai dai ka ji ƙara ka ga hayaƙi. Akwai Dogo, akwai wani malamin makaranta, akwai Tela, wanda bai taɓa cin tsere ba amma bakinsa ya fi na kowa gudu.

Matsalarsu ɗaya ce a lokacin. Tashoshi shida ne kacal, kowace da launinta, kuma in mutum biyu suka kunna rimot a tasha ɗaya, risiba ya ruɗe, mota ta haukace. An yi ta faɗa a kan haka har ana cin kwalar juna. Mai Eriya ne ya kawo ƙarshen rigimar. Ya kwashe maƙalan shanya shida daga igiyar matarsa, ya shafa musu fenti, ya jera su a wani allo a bakin fili. Ya kafa doka: ba mai kunna rimot, ko na ƙiftawar ido, sai ya cire maƙalin tasharsa ya maƙala a eriya. In ka zo babu maƙalin, ka zauna ka jira. Matarsa ta yi sati tana mita, wai ita kayanta iska ke kwashewa a kan manyan banza masu wasan mota. Shi kuwa ya zama alƙalin fili. Ya taɓa korar malamin makaranta na wata guda saboda ya kunna ba maƙali, mutumin yana ba da haƙuri yana cewa mantuwa ce, ya ce mantuwar ce ai ake hukuntawa.

Jan maƙali na Auta ne, kowa ya san wannan.

Auta ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha bakwai tsakaninsu. Da mahaifinsu ya rasu yana hannun Mai Eriya ya tashi, shi ya kai shi makaranta, shi ya koya masa keke, shi ya je ya nema masa aure. A lokacin da nake ba da labari Auta ya kusa talatin, yana aiki a wani kamfanin lodi, da ɗiyarsa ɗaya. Ba ya iya riƙe ƙarfen dalma ko na minti biyu bai ƙona kansa ba, amma ka ba shi rimot ka ga ikon Allah. Ba ya fizga, ba ya gaggawa. Yatsunsa biyu a kan sitiyari kamar mai cire ƙaya. Yaya ya saita, Auta ya tuƙa, haka suka yi shekara shida ba wanda ya kama ƙurarsu. In an tashi su tafi gida a babur ɗaya, Auta a baya rungume da mota, suna musu a kan kwana ta uku har ƙofar gida. Mai Eriya bai taɓa jin daɗin duniya kamar a waɗannan Asabar ɗin ba, kuma ya sani tun a lokacin.

Sai ranar babban tsere, da aka gayyato 'yan wasu garuruwa, fili ya cika. Auta ya kai zagayen ƙarshe, yana gaba da tazara. Mai Eriya yana can bayan dandamali a teburin gyara, wani baƙo ya kawo masa rimot wai allurarsa mai nuna yana aiki ba ta motsi. Ya buɗe, ya ga kamar kiristal ɗin ne ya mutu. Ya laluba gwangwaninsa ya zaro wani don gwaji. Takardar jikinsa ta koɗe da rana, ya duba ya ga kamar launin tashar ruwan lemo ne, kuma ya san ba mai ruwan lemo a wannan zagayen. Allon maƙalai yana can taku ashirin. Ya ce a ransa, daƙiƙa ɗaya ce, ni da na kafa dokar ai na san abin da nake yi. Ya soka, ya ja eriya, ya kunna.

Allura ta tashi. A daidai lokacin ya ji ƙarar inji ta canza, ta koma kururuwa, sannan ihun mutane.

Motar Auta ta ƙi kwana. Ta miƙe da wuta a buɗe gaba ɗaya, ta haura mesa, ta bi ta tsakanin tayoyi biyu, ta sami Tela a idon sawu inda yake tsaye yana tafi. Sai da aka ji ƙarar ƙashin.

Mai Eriya ya kashe rimot ɗin. Ya zare kiristal ya kai kusa da ido ya karanta lambar da ke jiki. Ja ne, na ajiyar Auta. Ya jefa shi a aljihu. Baƙon nan ya riga ya ruga wajen taro, ba wanda ya gani.

Aka kwashi Tela zuwa asibiti. Aka kawo wa alƙalin fili mota da rimot a gaban kowa, ya duba. Ya auna batir, ya ja wayoyi, ya gwada nesa da kusa, komai lafiya lau, dama ya san haka zai samu. Auta yana tsaye a kansa.

"Yaya, wallahi na juya. Na saki wuta. Ba ta ji ba."

Nan ne wurin. Da ya buɗe baki ya faɗi kalma uku, da an zage shi na wata ɗaya an wuce wurin. Amma ya ɗaga kai ya ga malamin makarantar da ya kora yana kallonsa, ya ga baƙi, ya ga allonsa. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Na duba komai, Auta. Rimot lafiya, risiba lafiya. Hannu ne. Yana faruwa, wani lokaci yatsa kan daskare mutum bai sani ba."

Da wani ne ya faɗa, da Auta ya yi musu har gobe. Amma Yaya ne, wanda bai taɓa yi masa ƙarya a kan waya ko ɗaya ba. Sai ya dubi hannuwansa, ya sa su a aljihu.

Tela ya yi wata huɗu a kwance. Da ya tashi ƙafar ba ta koma daidai ba, ga shi da ita yake taka keken ɗinki, sai da ya koyi takawa da hagu kamar sabon shiga. Bai riƙe Auta a zuci ba, ya ce tsautsayi ne. Amma Auta in ya hango shi yana ɗingishi a layi sai ya canza hanya. Bai ƙara taka filin ba. Kafin shekara ta zagayo ya nemi kamfaninsu ya mai da shi wani reshe mai nisa, tafiyar yini guda a mota, ya kwashe iyalinsa ya tafi.

Ba faɗa suka yi ba, wannan ne ma abin da ya fi ci wa Mai Eriya rai. Auta yana kira duk ƙarshen wata. Yaya ina wuni, ya iyali, ya aiki, a gaida Anti. Minti biyu, an gama. Murya ce mai ladabi irin wadda ake yi wa surukai. Sau nawa Mai Eriya ya shirya maganar, har ya rubuta a bayan kwalin batir don kada ya rikice, amma da ya ji "To Yaya, sai an jima," sai ya ce, "To, Allah ya yi albarka." Ya ajiye waya ya zauna yana jin haushin kansa. Aka haifa wa Auta 'ya'ya biyu a can, a hoto kawai ya san su. Ɗaya ma an ce kunnuwansa irin nasa ne sak.

Yana kewar ƙaninsa, kewa irin wadda ba ta da ranar hutu. Akwai wata kujera mai ƙafa uku a shagon, inda Auta ke zama yana cika shi da surutu. In abokin ciniki ya ja ta zai zauna, sai ya ce ta karye, ya miƙa masa bokiti. Motar kuwa ya gyara ta tsaf tun a satin farko. Duk wata sai ya sauko da ita, ya goge, ya ɗiga mai a inji, ya canza batir, ya mai da ita. Dogo ya yi ta roƙo a sayar masa, ya ƙi.

A shekara ta biyar ya gaya wa matarsa, suna karyawa da safe. Ta ajiye kofi ta dube shi ta daɗe.

"Dama na san akwai abin da ke cinka," ta ce. "Amma ni ƙafata aka karya? Ni aka ce hannuna ya daskare? Ba ni za ka gaya wa ba, Malam."

Ta tashi ta kwashe kwanuka. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, sai dai duk ranar da Auta ya kira, takan zo ta tsaya a bakin ƙofa har ya ajiye waya, sannan ta juya ba ta ce komai ba. Ya gwammace ta zage shi.

Fili kuma ya canza. Sababbin rimot suka shigo, ba kiristal, ba doguwar eriya. Sai dai ka danna ɗan maɓalli a jikin risiba, wuta ta yi ta ƙiftawa, ka kunna rimot, in ta tsaya cak shi ke nan sun san juna, ko mota ɗari ce a fili ba mai shiga maganar wani. 'Yan fili suna kiran abin ɗaurin aure, Mai Eriya kuma shi ne mai ɗaurawa. Ya iya, har ya fi kowa. Shi ke koya wa mutane su kunna rimot kafin mota, su kashe mota kafin rimot, su saita ta yadda in magana ta yanke za ta taka birki da kanta. A kan wannan na ƙarshe ba ya wasa ko kaɗan, motar da ba a saita haka ba ba ta sauka a filinsa. Suna cewa tsufa ne ya sa shi tsanani. Allon maƙalai ya zama abin tarihi, fenti ya kakkaɓe, amma ya hana a cire.

Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka. Sai aka yi wa babbar yayarsu aikin ido, Auta ya ce zai zo dubiya, ya kwana ɗaya, ya koma Asabar da motar ƙarfe biyar.

Da ya sauka Mai Eriya ya kusa kasa gane shi. Ya yi ƙiba, ga furfura a gemu, Auta guda! Suka gaisa, suka zauna a gaban yayarsu, aka yi hirar magani da tsadar hanya. Duk lokacin Mai Eriya hannuwan Auta yake kallo, suna nan a kan gwiwa a dunƙule. Ya san in wannan Asabar ta wuce, wata shekara goma ce, kuma ba shi da tabbacin yana da ita. Ya kuma san bakinsa, ya gwada shi sau ɗari ya ba shi kunya. Don haka ya yanke shawarar ba da baki zai fara ba.

Washegari ya ce, "Tela yana son ganinka. Yana fili."

Auta ya ce, "To." Ba yadda zai ƙi.

Da suka isa ba a fara ba, mutum biyar ne ko shida. Tela yana zaune a kan taya, da ya hango su ya miƙe da ƙyar yana dariya.

"Kai! Wa nake gani? Ɗan banza, ka karya ni ka gudu, ko awon riga ba ka ƙara kawowa ba! Dubi tumbi, yadi nawa za ka ci yanzu?"

Auta ya durƙusa ya gaishe shi, idonsa a kan ƙafar. Tela ya ɗago shi ya rungume, yana cewa ya isa haka, ya isa.

Mai Eriya ya sauke jakarsa ƙasa. Ya buɗe jaka ya fito da motar, ya ɗora ta a kan bulo yadda tayoyinta ke reto a iska, kamar yadda ake yi in za a gwada. Bai tayar da inji ba, risiba kawai zai kunna. Ya je allo ya ciro jan maƙali, ya maƙala a eriyar tsohon rimot, ya kunna shi, ya miƙa wa Auta.

Auta ya ja da baya. "Yaya, ka san na bar wannan."

"Ba tuƙi za ka yi ba, tana kan bulo. Riƙe mini kawai in duba sitiyari."

Ya karɓa da yatsu biyu kamar an ba shi garwashi. Mai Eriya ya kunna risiba. "Hagu." Tayoyin gaba suka juya hagu. "Dama." Suka juya dama. "Ja kunama kaɗan. Saki." Ɗan ƙarfen da ke buɗe wuta ya je ya dawo.

"Yanzu ka cire hannunka daga kan komai. Riƙe shi ta gindi, kowa ya gani."

Auta ya yi haka. Mai Eriya ya sake sa hannu a jaka ya zaro wani tsohon rimot. Ya laluba aljihun gaban rigarsa ya fito da kiristal, ya miƙa wa Dogo. "Karanta lambar nan da ƙarfi." Dogo ya karanta, ya ce, "Ai wannan ja ne." Mai Eriya ya karɓa ya soka. A karo na farko da aka taɓa gani, sai da ya gwada sau biyu ya shiga. Ya ja eriya. Ya kunna.

Motar ta fara kakkarwa a kan bulo. Tayoyin gaba suka yi ta fizga, sannan suka tsaya a miƙe suka ƙi motsi. Ƙarfen wuta ya tafi har ƙarshe ya maƙale a can yana ƙara.

"Juya," in ji Mai Eriya.

Auta ya juya sitiyari. Ba abin da ya faru. Ya sake juyawa, ya ja kunama ya saki. Motar ba ta ji ba.

Duk wanda ke wurin ɗan fili ne, ba mai buƙatar a yi masa fassara. Amma Mai Eriya ya faɗa, don ya san dole a ji daga bakinsa.

"Ni ne. Ranar nan ina bayan dandamali na kunna, da wannan kiristal ɗin, ban ɗauki maƙali ba. Hannunka bai yi komai ba, Auta. Ka juya, ka saki wuta, kamar yadda ka faɗa. Ni na karya Tela, kuma na ji kunyar mutane na ɗora maka."

Ɗan ƙarfen nan yana ta ƙara. Tela ne ya fara motsi. Dariyar ta bar fuskarsa, ya koma ya zauna a kan taya a hankali.

"Ƙafar nan na daɗe da yafe ta," ya ce. "Amma shekara goma sha ɗaya ina kiran yaron nan ba ya ɗauka, kai kuma duk Asabar kana zaune kusa da ni muna raba lemo. Ni da kai za mu yi magana. Ba yau ba."

Auta bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Yana kallon rimot ɗin hannunsa ya ce, "Ka san sau biyu ana ba ni tuƙin injin ɗaga kaya ina ƙi? Na ce musu hannuna kan daskare. Ka san matata ce ke kai yara makaranta? Ban taɓa tuƙa su ba, ko sau ɗaya. Ina tsoron kada abin ya zo mini suna ciki."

Mai Eriya bai sani ba. Ya ɗauka Asabar kawai ya ƙwace masa. Hawaye na bin gefen tabarau, bai share ba.

"Kashe naka," in ji Auta.

Ya kashe. Nan take tayoyin suka dawo daidai, ƙarfen wuta ya koma mazauninsa.

"Akwai mai a ciki?"

"Akwai."

"Tayar da ita."

Mai Eriya ya ja igiyar inji sau biyu ya kama, ya sauke motar daga bulo. Auta ya hau dandamali shi kaɗai, katako na ƙara a ƙarƙashinsa. Zagayen farko kam abin tausayi ne, ya bugi mesa sau biyu, ya tsaya cak a kwana ta uku. Na biyu ya fi. A na huɗu kafaɗunsa suka sauka, yatsun nan biyu suka koma inda suke, motar ta shiga kwana ta fita kamar ruwa a kwata. Dogo ya fara tafi, ya ga ba wanda ya taya shi, ya bari. Sai da mai ya kusa ƙarewa Auta ya kawo ta gaban yayansa ya tsayar. Mai Eriya ya durƙusa ya kashe inji, ya kashe risiba.

Auta ya sauko. Ya cire maƙalin ya miƙa wa Dogo, ya tura eriya ciki, ya duba agogo. Ya je ya riƙe hannun Tela da hannu biyu, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya buɗe jakar tafiyarsa ya cusa rimot ɗin tsakanin kaya, ya rataya, ya nufi titi.

"In kai ka tasha," in ji Mai Eriya.

"Bari, zan tuƙa kaina wata rana. Yau dai zan hau haya."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Bai waiwayo ba.

A gida matarsa ta ga mota ba rimot, ta tambaya, ya gaya mata duk yadda aka yi. Ta ce, "To rimot ba mota, me zai yi masa a can?" Ya ce shi ma abin da yake ta juyawa ke nan. Ko dai ya tafi da shi ne don kada hannun Yaya ya ƙara taɓa masa kaya, ko kuma wani abu ne daban da yake tsoron sa rai a kai. Ta ce, "Ci abinci dai." Ranar ta zuba masa har da ƙari.

Litinin da safe kafin ya buɗe shago ya je wajen Tela. Ya sha faɗa na awa guda a gaban masu karɓar ɗinki, bai ce ƙala ba, don ya san ya ci a yi masa fiye da haka. Ƙarshen wata ya zo, Auta bai kira ba. Wani watan ya kama, shiru. Mai Eriya ya rame, ya fara ƙona yatsa da dalma kamar ɗan koyo. Waya na aljihun gaba, ko ta yi ƙarar batir sai ya zaro ta ya duba.

Ranar wata Laraba da hantsi, yana tsakiyar ɗaura wa wani sabon risiba aure, saƙon murya ya shigo. Daƙiƙa tara. Ba ina wuni, ba ya iyali.

"Yaya, kunamar nan ta yi tauri, ba ta dawowa da sauri. Wane mai ake sa mata?"

Ya saurara sau bakwai, mai risiba na tsaye yana jira. Ɗigon man keke ɗaya ne maganin abin, ya sani, kuma Auta ma ya sani, shekara shida yana kallo ana yi. Ya danna zai amsa, ya saki.  Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya gyara murya.

"Kada ka sa mata komai," ya ce. "Ka kawo in gani."